Ɗan tseren keke ba shi da lafiya, wa zai ce masa ya sauka?

Duk sanda aka shiga gasar Tour de France, babban tseren keke na Faransa, sai an maimaita min waɗannan tambayoyi. Ga amsa gaba ɗaya.

Da gaske suna tsere da ciwo a jiki?

Ƙwarai. Geraint Thomas ya faɗi a zangon farko na 2013, ƙashin ƙugunsa ya tsage, a haka ya kai Paris, inda ake kammala gasar.

Me ya hana su huta kwana ɗaya su dawo?

Doka. Zango 21 ne, wanda ya tsallake ɗaya ya fita ke nan, kuma ba a sako wani a madadinsa.

To ai shi ya ce zai iya, ina laifin ƙungiya?

Wannan maganar ce ke ɓata min rai. Mutumin da kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen shekara kake jira ya ce ba zai iya ba? A 2020 Romain Bardet ya buga kansa da ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, ya sake hawa ya ƙarasa zangon. Da aka yi hoto sai ga jini ya ɗan taru a kansa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu ba ya yanke wa kansa hukunci. Bayan wannan ne UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta fito da ƙa'idar duba buguwar kai, ta fara aiki a 2021.

Mura fa? Ita ma sai an janye?

Nan sai a hankali. In majina ce kawai da atishawa, ba zazzaɓi, likitoci da yawa kan bar shi ya hau, suna sa ido a kansa. In ta sauka ƙirji, ko jiki ya yi zafi, ko bugun zuciyarsa da safe ya haura yadda ya saba, magana ta canja. Ƙwayar cuta na iya kumbura tsokar zuciya, awa biyar kan tsauni cikin rana kuwa ƙara mata nauyi yake yi. Wahalar ita ce murar yau kan zama wani abu jibi: Mathieu van der Poel da mura ya fara a 2025, ta koma ciwon huhu, ya bar gasar. Sonny Colbrelli kuma zuciyarsa ta tsaya a wani tsere a Kataloniya ta ƙasar Spain a Maris 2022, makonni kaɗan bayan ciwon ƙirji. Ba a tabbatar wannan ne sanadi ba, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba. Amma dai kowace safiya a sake dubawa, hukuncin jiya bai isa yau ba.

Ba sai a ba shi maganin kashe ciwo ba?

Ba kowane iri ba. Tun 2019 UCI ta haramta Tramadol a tsere, shi ya sa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Tour de France ta 2022.

Ina amfanin likitan ƙungiya ke nan?

Akwai masu amana, ku kwantar da hankali. An janye Remco Evenepoel daga Giro, babban tseren keke na Italiya, a 2023 saboda korona, alhali shi ke kan gaba. Sai dai likitan nan ƙungiya ce ke biyansa albashi, ita kuma nasara take nema. Ni abin da nake so shi ne likitan da ba ya cin albashin kowace ƙungiya ya sami ikon hana mai zazzaɓi fita, ko manaja ya yarda ko bai yarda ba.