Raba Maza da Mata a Masaukin Ɗaliban Jami'a: Abin da Dokar Amurka Ta Halatta da Sharaɗin da Ta Gindaya

Wata rana a farkon damina, bayan sallar la'asar, wani maƙwabcina a unguwar Birni, dattijo mai sayar da yadi a Kasuwar Dole, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure bisa tabarma, tabarau a kan hanci, wayar ƴarsa a hannu yana ta jujjuya ta. Yarinyar ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, tun bara, ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka, yanzu kuma ofishin da ke kula da masaukin ɗalibai ya turo mata takardar da za ta cike don ta zaɓi inda za ta zauna. Ya ce, "Malam, duba mini wannan abu da kyau. An ce can maza da mata ɗaki ɗaya ake zuba su, kuma wai doka ce ta tilasta. In haka ne, an fasa tafiyar." Yarinyar tana tsaye daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ta ce a hankali, "Baba, ba haka aka rubuta ba."

Ita ce da gaskiya, amma fargabar mahaifinta ba ta banza ba ce, domin akwai gine-ginen da maza da mata ke zaune a cikinsu a yawancin jami'o'in ƙasar. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne cewa doka ba ta umarci kowace jami'a da ta haɗa su ba, haka kuma ba ta umarce ta da ta raba su ba.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Babi na 9 na dokar gyaran harkar ilimi, wadda Amurkawa ke kira Title IX, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Ginshiƙinta jimla ɗaya ce: ba za a hana wani mutum a Amurka shiga wani shirin ilimi da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba, ko a hana shi amfaninsa, ko a nuna masa bambanci a cikinsa, saboda kasancewarsa namiji ko mace. A lura da cewa dokar "mutum" ta ce, ba "ɗan ƙasa" ba, saboda haka ɗalibar da ta taso daga Damagaram tana cikin waɗanda aka kare daga ranar da ta sauka. Kuma tun da kusan kowace jami'a, har da masu zaman kansu, tana taɓa kuɗin tarayya ta hanyar tallafin ɗalibai ko na bincike, ƙalilan ne dokar ba ta hau kansu ba. Hukuncin da ke rataye a kan wadda ta karya ta shi ne a yanke mata wannan kuɗi, kuma akwai ofishi na musamman a Ma'aikatar Ilimi da ke karɓar ƙorafi.

Wanda ya karanta wannan jimla kaɗai zai ɗauka cewa raba wurin kwana ma nuna bambanci ne. Majalisa ta hango wannan, shi ya sa ta sanya wani sashe a cikin dokar kanta da ya ce babu abin da ya hana makaranta ta tanadi wurin zama dabam ga maza, dabam ga mata. Ƙa'idojin aiwatarwa da suka fara aiki a 1975 sun ƙara da cewa haka abin yake ga makewayi da wurin wanka da wurin sauya tufafi. To amma a nan ne aka gindaya sharaɗin da, a ganina, ya fi kome muhimmanci a cikin al'amarin, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba idan ana wannan muhawara a majalisun hira.

Sharaɗin ya ce, in jami'a ta raba, to masaukin da ta ba ɓangare ɗaya, in aka kwatanta shi gaba ɗaya da na ɗaya ɓangaren, dole ne yawansa ya dace da yawan waɗanda suka nema, kuma ingancinsa da kuɗinsa su yi daidai. Bari in ba da misali da lissafi mai sauƙi. A ce jami'a tana da gado 500, maza 600 suka nema, mata 400 suka nema. Rabon da ya dace da ƙa'ida shi ne gado 300 ga maza, 200 ga mata, ta yadda a kowane ɓangare rabin masu nema za su samu. In aka ba maza 450 aka bar wa mata 50 da hujjar cewa ginin mata ɗaya ne kawai aka gina, an saɓa wa doka, ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Haka nan ba a yarda a ba maza sabon gini kusa da ɗakin karatu a tura mata tsohon gini mai yoyo a bayan gari ba, ba a kuma yarda ɗaki iri ɗaya ya fi tsada ga mace ba. Har gidajen haya na cikin gari, in jami'a ce ke tantance su ko take nuna wa ɗalibai su, an ɗora mata nauyin ta yi iya ƙoƙarinta ta tabbatar da wannan daidaito a cikinsu.

Akwai kuma batun ƙa'idojin zama. Kafin shekarun 1970, a jami'o'i da yawa na Amurka ana kulle ƙofar ginin mata a wata sa'a ta dare, ɗaliba ta sa hannu a littafi in za ta fita, ta sa in ta dawo, alhali maza suna shige da fice yadda suka ga dama. Jami'a a lokacin tana ɗaukar kanta a madadin iyaye. Ƙa'idar 1975 ta hana a kafa wa ɓangare ɗaya dokar da ba a kafa wa ɗayan ba. Jami'a tana da ikon kulle ƙofa da ƙarfe goma sha biyu in ta so, amma sai ta kulle ta kowa.

Da na koma kan takardar da ke cikin wayar, sai na nuna wa Alhaji cewa abin da ake kira "haɗaɗɗen masauki" ba abu ɗaya ba ne. Akwai ginin da hawa na ɗaya na maza ne, na biyu na mata, kowane da makewayinsa. Akwai wanda aka raba shi gida biyu, gabas da yamma. Akwai kuma wanda ɗakin maza ke maƙwabtaka da ɗakin mata a kan baranda ɗaya. A duk waɗannan, abokin ɗaki jinsi ɗaya ne. Ɗakin da namiji da mace za su zauna tare yana nan a jami'o'i da dama, amma a al'ada sai ɗalibi ya nema da kansa ake ba shi. Sannan na ja hankalinsa ga abin da bai tambaya ba, wato lokacin ziyara, domin gini yana iya zama na mata zalla amma a bar baƙi maza su shiga har cikin ɗakuna dare da rana. Wanda ya damu da sirrin ƴarsa, wannan layin ya kamata ya fara karantawa. Jami'ar Notre Dame, ta mabiya ɗariƙar Katolika, misali ce ta inda aka haɗa biyun, domin gidajen kwananta a rabe suke, kuma akwai sa'ar da baƙo na ɗaya jinsin zai fita.

Sai dai akwai abin da dokar ba ta bayar ba, kuma gara a faɗe shi ƙarara. Ta ba jami'a izinin rabawa, amma ba ta ba ɗalibi haƙƙin ya tilasta wa jami'a ta raba ba. A 1997 wasu ɗalibai Yahudawa masu riƙon addini sun kai Jami'ar Yale ƙara, saboda ta wajabta wa ƴan shekarar farko da ta biyu su zauna a cikin makaranta, su kuwa suka ce zama a haɗaɗɗun gine-gine ya saɓa wa koyarwar addininsu a kan kunya da tsare kai. Ba su yi nasara ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2000, tana mai cewa Yale makaranta ce mai zaman kanta, ba hukumar gwamnati ba. Hujjar waɗannan ɗalibai ita ce hujjar da Musulmi zai kawo, saboda haka darasin ya shafe mu kai tsaye: tun kafin a karɓi gurbi a biya kuɗi ake tambaya ko zama a ciki wajibi ne, ko akwai gini ko hawa na mata zalla, ko kuma ana ɗage wajibcin saboda addini. Ta ɗaya gefen, a 2011 Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washington ta sanar da komawa ga raba gine-gine, wani malamin shari'a ya kai ƙorafi cewa wannan wariya ce, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na birnin ya yi watsi da ƙorafin a cikin shekarar ta 2011. Akwai ma jami'o'in mata zalla irin su Wellesley da Smith da Spelman, waɗanda dokar ta bar su a yadda suke.

Ɗalibanmu da ke zuwa Faransa sun fi masu zuwa Amurka yawa, kuma can labarin ya bi wata hanya. Hukumomin CROUS da ke kula da masauki da abincin ɗalibai an kafa su ne a 1955, kuma a farko ginin ƴan mata dabam yake, an hana maza shiga. A watan Maris na 1967 ɗalibai maza a jami'ar Nanterre, kusa da Paris, suka mamaye ginin mata don nuna ƙin wannan ƙa'ida, rikicin kuma yana cikin abubuwan da suka share fagen tarzomar ɗalibai da ma'aikata ta Mayu 1968. Yau galibin gidajen CROUS a haɗe suke, sai dai yawanci kowane ɗalibi da ƙaramin ɗakinsa shi kaɗai da makullinsa, sau da yawa mai faɗin murabba'in mita 9, wani lokaci da kicin da ake tarayya a kansa.

Daga wannan tsari na Faransa muka gaji namu CROU, mai kula da site (masaukin ɗalibai) da resto (wurin cin abincinsu) da motocin ɗalibai, har da na nan Damagaram da ke hidima wa Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010. A wurinmu rabawa ba abin jayayya ba ce. Addini da al'ada sun riga sun yanke, ni ma a kan haka nake, domin na san cewa uba a Tanut ko Magarya ko Gure ba zai saki ƴarsa ta zo birni karatu ba sai ya tabbata inda za ta kwana a killace yake. Wannan tunani ne ya sa aka gina makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle, cikin jihar nan, don kada nisan gida ya raba yarinya da aji. Raba masauki a nan hanya ce ta shigar da mata jami'a.

Amma daidai saboda mun gama da tambayar farko, wato ko a raba, ya kamata mu tsaya sosai a kan ta biyu, wato ko an yi daidaito a rabon, wadda dokar Amurka ta rubuta dalla-dalla. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, da togaciya a kan wasu sassa da suka shafi iyali da al'ada, kuma sashe na 10 na yarjejeniyar ya yi maganar gine-gine da kayan makaranta masu inganci iri ɗaya ga maza da mata. Kowa ya san gadaje ba sa isa, ɗalibai da yawa haya suke yi a gari ko su raɓa wurin dangi. Sai dai rashin gado ba nauyi ɗaya yake da shi a kan kowa ba. Saurayi zai haɗu da abokansa huɗu su kama ɗaki a Sabon Gari ko Garin Malam, su shimfiɗa katifu, babu mai cewa uffan. Budurwar da ba ta da ƴan uwa a birni, in ta rasa ɗaki a site, sau da yawa abin da ke gabanta shi ne ta koma gida. Saboda haka duk wata hukumar masauki, a nan ko a Yamai ko Maraɗi ko Tawa, ya dace ta riƙa bayyana a kowace shekara mata nawa suka nema, nawa suka samu, maza nawa suka nema, nawa suka samu. A gari irin namu da aka san shi da wahalar ruwa, inganci yana nufin a duba ko famfon ginin mata yana kawowa kamar na maza, ko akwai fitila a hanyar da ke tsakanin ɗakunansu da ajujuwa, ko ƙofar makewayi tana da sakata. In kuma tsaro ya sa ana kulle ƙofarsu da wuri, to a samar musu ɗakin nazari mai wuta a cikin katangar, domin jarrabawa ɗaya za su zauna da waɗanda ke karatu a ƙarƙashin fitila har tsakar dare.

Kafin a kira magariba muka rubuta wa ofishin masaukin jami'ar gajeriyar wasiƙa, yarinyar na bugawa, mahaifinta na faɗin abin da yake so a tambaya. Muka nemi hawa na mata zalla mai makewayinsa, muka tambayi ƙa'idar baƙi da sa'ar fitarsu, da wanda ake kai wa kuka in abokiyar ɗaki ta saɓa, muka kuma roƙi a ba mu amsar a rubuce kafin ranar biyan kuɗin ajiya. Alhaji ya sa aka ƙara tambaya ɗaya tasa, ko akwai wurin sallah kusa da ginin, sannan ya miƙa wa ƴarsa wayar ya ce ta tura.