Burodin soda na Ailan

Burodin soda na Ailan burodi ne da ake yi ba tare da yis ba. Abin da ke tayar da shi shi ne haɗuwar bekin soda da nono mai tsami: da sun gauraya sai su fitar da iskar da ke kumbura kwaɓin. Ya yaɗu a Ailan, wani tsibiri a Turai, tun wajajen shekarun 1840, saboda alkamarsu ba ta da danƙo sosai, kuma soda ta fi yis dacewa da ita. A da, cikin tukunyar ƙarfe mai murfi ake gasa shi, da garwashi a ƙasa da kuma a kan murfin. A arewacin tsibirin kuwa akan baje kwaɓin, a yanka shi gida huɗu, a gasa a kasko.

Kayan haɗinsa huɗu ne: fulawa giram 450, soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sai nono mililita 350 zuwa 400. Nonon da ake nufi shi ne wanda aka cire wa mai. Idan babu, a matsa lemon tsami babban cokali ɗaya da rabi a madara daidai wannan awon, a bar ta minti 10.

Oben ake fara kunnawa ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, domin kwaɓin ba ya jira. Da zarar nono ya taɓa soda, aiki ya fara. A tankaɗe fulawa da soda da gishiri, a yi rami a tsakiya, a zuba nonon, a juya da hannu har ya haɗu kawai. Ba a murza shi. Murzawa ce ke sa ya fito da tauri, kuma nan masu sabo da burodin yis suka fi kuskure. A mulmula shi, a danne ya yi kaurin santimita 4, a tsaga samansa da wuƙa a gicciye, tsaga mai zurfi, don zafi ya ratsa tsakiya. A saka shi a oben, bayan minti 15 a rage wuta zuwa digiri 200, a ƙara minti 30. Idan aka ƙwanƙwasa ƙasansa ya yi ƙara kamar ganga, ya gasu.

Soda in ta yi yawa, cikinsa kan yi rawaya da ɗanɗanon sabulu. In ba a tankaɗe ta ba, sai a ga ɗigo-ɗigo masu ɗaci. Mai son ɓawo mai laushi ya naɗe shi a ƙyalle da zafinsa. Ba ya jure ajiya, kwana ɗaya zuwa biyu ya bushe.