Kuɗin ƙaramar hukuma: ina hukuncin Kotun Ƙoli ya tsaya?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye daga tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Kason nan kashi 20.60 cikin ɗari ne na asusun tarayya. A da yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, nan ne kuwa ake yi masa yankan ƙauna.

Sai dai hukuncin a sakatariyar ƙaramar hukuma ya tsaya, bai ƙarasa ƙauye ba. Misali, jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, amma tsarin mulki bai san wani mataki ƙasa da ƙaramar hukuma ba. Dagaci da mai unguwa suna sasanta rikicin iyakar gona, suna shaidar baƙo, amma ba su da kasafin ko sisi. Hakimai ma a 2017 gwamnatin jiha ta rage su daga 390 zuwa 77, a kan cewa albashinsu ya fi ƙarfin ƙananan hukumomi.

Ɗauki kwalbatin da ruwan damina ya cinye a hanyar wani ƙauye a ƙaramar hukumar Soba, motar masara ta kasa shiga. Koke a bakin dagaci ba ya zama aiki sai kansilan mazaɓar ya kai shi majalisa an sa a kasafin shekara. Ko an sa, akwai layi: albashin malaman firamare, na ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da fansho duk suna gaba. Abin da ya rage shi ake kira kuɗin ayyuka, wani watan ba ya taka kara ya karya.

Ga kuma zaɓe, wanda har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa. A na Kaduna na Oktoban 2024, APC, jam'iyyar gwamna, ce ta lashe kujerun ciyaman 23 duka. Mai ba ka kujera kuwa da wuya ka hana shi leƙa asusu.

Abin da ke hannun mutanen gari shi ne takarda. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Ƙungiyar ci gaban gari na iya rubuta wa ciyaman ta nemi kwafin kasafi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba da kwana 7 a amsa. A tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafin da za a riƙe.