Fisher Gold Bug 2

Fisher Gold Bug 2 na'ura ce ta gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda kamfanin Fisher Research Laboratory na Amurka ya fitar a 1995 domin masu neman ƙwayoyin zinariya. Igiyar maganaɗisun da take aikawa cikin ƙasa tana kaɗawa sau dubu 71 a daƙiƙa, wato kilohaz 71, kuma an daɗe ba a ga sa'arta a wannan fanni ba cikin na'urorin da aka saba gani a kasuwa. Daga nan ƙarfinta ya fito, daga nan kuma rauninta, shi ya sa masu sha'awar wannan nema ba su daina muhawara a kanta ba.

Tarihi

Gerhard Fisher, injiniya ɗan asalin Jamus, shi ya kafa kamfanin a 1931 a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. Ana cewa ya lura na'urar gano alkiblar rediyo da yake aiki a kanta takan rikice idan ta kusanci duwatsu masu ma'adinai, sai ya mai da matsalar ta zama sana'a. A 1937 ya samu takardar mallakar fasahar na'urarsa mai suna Metallascope. Daga baya kamfanin ya koma Los Banos, can kuma aka ƙera Gold Bug ta farko wajen 1987, mai kilohaz 19. Injiniya Dave Johnson ake jingina wa ƙirar duka biyun, da ta farkon da wadda ta gaje ta.

Shekarar da Gold Bug 2 ta fito, a ita ce kamfanin Minelab na Ostireliya ya fitar da SD 2000, mai aiki da wata fasaha dabam ta bugun lantarki, wadda ke ratsa jar ƙasa ta jiyo manyan ƙwayoyi a zurfi. Tun daga lokacin hanya ta rabu biyu: masu neman babba a zurfi, da masu tsintar ƙanana a sama-sama. A 2006 kamfanin First Texas Products ya sayi Fisher, aiki ya koma El Paso, amma aka ci gaba da ƙera na'urar kusan yadda take. Sai daga baya aka ƙara mata ɗan allo mai nuna lambar saitin ƙasa, wato daidaita na'urar don ta yi watsi da ma'adinan da ke cikin ƙasar.

Ƙira

Nauyinta kusan kilo 1.3 ne, tana cin batir biyu masu bolt 9. Faifan da ake shara da shi a kan ƙasa mai siffar ƙwai ne, akwai na inci 6.5 da na inci 10 da na inci 14. Ana iya cire akwatin maɓallan daga sanda a ɗaura a ƙugu ko a ƙirji don hannu ya huta. Akwai maɓallin zaɓen yanayin ƙasa mai matakai uku, da na ƙara ƙarfin sauti, da na ware baƙin ƙarfe.

Abin da ake yabo

Kaifin ji shi ne babban abin. Da ƙaramin faifai, tana amsawa ga ƙwayar zinariyar da ba ta kai ƙwayar gero ba, har da wadda ta watsu cikin farin dutse, irin wadda na'urorin bugun lantarki na da kan tsallake ba su ce uffan ba. Saboda haka masu nema a Arizona da Nebada da Alaska kan shiga da ita tsofaffin wuraren haƙa, su bi tarin duwatsun da mahaƙan farko suka zubar, su tsaftace abin da ya rage.

Saitin ƙasa da hannu ake yi. Mai nema yakan ɗaga faifan ya sauke sau da yawa a wuri guda, yana murɗa maɓalli a hankali, kunnensa na kan wani siririn amo mai kama da kukan sauro da na'urar ke yi ba tsayawa. Idan amon ya daidaita, ba ya hawa ba ya sauka, an dace. Ƙwayar zinariya ƙarama ba ta yin ƙara, ɗan sauyi kawai take sawa a cikin amon, kuma wanda ya goge yakan bambanta wannan da hayaniyar ƙasa. Tsofaffin hannu suna son wannan iko, domin na'ura mai saita kanta takan iya ɗaukar raunannen sauti a matsayin ƙasa ta shafe shi. A nan hujjarsu tana da nauyi.

Abin da ake kuka da shi

Kaifin nan kan zama wahala a ƙasa mai baƙin yashi ko duwatsu masu sinadarin ƙarfe. Na'urar takan yi ta ƙara a kan dutsen da ba kome a cikinsa, dole a rage ƙarfinta, zurfi kuma ya ragu. Ƙasa mai gishiri ko kanwa, musamman in ta jiƙe, ita ma tana damunta. Inda ƙasa ke sauyawa taki bayan taki, sai an yi ta sake saiti, abin da ke gajiyar da sabon shiga. Ban da ware baƙin ƙarfe, ba ta nuna irin ƙarfen da ta ji, don haka ba ta dace da neman tsabar kuɗi a filin da ya cika da marfin kwalba ba. Faifan yana shiga ruwa, akwatin ba ya shiga.

Ko ta tsufa?

Ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin Gold Monster 1000 ta Minelab, wadda ta fito a 2017 da kilohaz 45 kuma take saita kanta, ta maye gurbinta. Wasu sun ce a hannun gwani har yanzu tsohuwar ce kan gaba a ƙananan ƙwayoyi.

A Afirka

A yankin Sahara na'urorin gano zinariya kayan neman abinci ne. Sun bazu a arewacin Sudan wajen 2010, sannan a Djado da ke arewacin Nijar bayan gano zinariya a 2014, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Yawan buƙata ya jawo jabun na'urori masu ɗauke da sunayen Minelab da Fisher, kuma kamfanonin biyu sun gargaɗi masu saye da su nemi dillalan da aka amince da su.