Fom ɗin jin ra'ayin ma'aikatan jami'a: ga amsoshin, a daina tare ni a hanya

Tun ranar da aka tura fom ɗin jin ra'ayin malamai da sauran ma'aikata, wanda aka ce ba a rubuta suna, ban sha shayin safe da zafinsa ba. Ni aka ɗora wa tattara amsoshin, shi ya sa kowa ni yake tarewa, a ofis, a bakin masallaci, har a wajen ajiye motoci. Tambayoyin nan dai su ne kullum.

Dole ne in cike?

A'a. Ba a taɓa albashin kowa, ba ya shiga fayil ɗin ƙarin girma. Amma wanda bai cike ba kar ya zo mini daga baya yana cewa ba a jin ta bakin kowa a jami'ar nan.

Na malamai ne kaɗai?

A karanta kan fom ɗin mana. Farfesa, sakatare, direba, maigadi, mai shara, ma'aikacin ɗakin gwaji, kowa amsarsa ɗaya ake ƙirga ta. Ɗan ƙungiyar malamai ta ASUU ne kai ko na ƙungiyoyin sauran ma'aikata, SSANU ko NASU ko NAAT, ba a tambaye ka ba. Wanda ba shi da babbar waya akwai na takarda, ya cike ya jefa a akwati.

Ina ruwanku da ko ina da amini a wurin aiki?

Wannan tambayar ba mu muka ƙirƙire ta ba, ranka ya daɗe. Tana cikin tambayoyi 12 da kamfanin Gallup na Amurka ya daɗe yana auna ma'aikata da su, tare da irin su ko ka san abin da ake so ka yi, ko kana da kayan aiki, ko an yaba maka cikin kwana 7 da suka wuce. Jami'o'i da yawa a Amurka kuma suna amfani da wani mai suna COACHE da ake gudanarwa daga Harvard, na malamai zalla. Matakai 5 ɗin nan, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", tun 1932 Rensis Likert ya fito da su. In ka bi layin tsakiya ka danna daga sama har ƙasa don ka gama da wuri, gara da ba ka buɗe ba.

Shugaban jami'a zai ga sunana?

Ba zai gani ba, ni ma ba zan gani ba. Sai dai ku bambanta abu biyu. Akwai fom na sirri, wanda mai tattarawa ya san ko kai wane ne, alkawari kawai ya yi ba zai faɗa ba. Akwai kuma marar suna, wanda tun asali ba a ɗauki sunan ba. Namu na biyun ne. Google Forms yana da wurin da ake kunnawa ya riƙa ɗaukar imel, Microsoft Forms yana da na ɗaukar suna, Qualtrics kuwa, wani dandalin haɗa fom irin su, yakan ajiye lambar IP ta na'urarka, wato adireshinta a intanet, sai in an kashe. Duk fom ɗin da ya ce sai ka shiga da imel ɗin jami'a, tsaya ka tambaya tukuna. Illar namu ita ce ba mu da yadda za mu hana mutum cikewa sau biyu, kuma wanda ya turo ƙorafin bayan gida sau huɗu da kuskuren rubutu iri ɗaya ya san kansa.

Ni kaɗai ce mace a sashenmu, kuma ƙorafina a kan shugaban sashe ne. In rubuta?

To, Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce miki "rubuta kawai, ba komai" ba. Ya danganta.

Fom ya ɓoye sunanki, amma bai ɓoye lissafi ba. In kika zaɓi sashenki, kika zaɓi mace, kika zaɓi muƙaminki da shekarunki a aiki, ai kin sa hannu ke nan. Shi ya sa masu irin wannan aiki ba sa fitar da sakamakon rukunin da amsoshinsa ba su kai 5 ba, wasu ma sai 10. Mu ma haka muke yi, sai a haɗe ƙaramin sashe da tsangaya. Amma ko wannan yana da kafa. A ce mutum 9 suka amsa a sashenki, aka nuna sakamakon sashen gaba ɗaya, aka kuma nuna na maza 8. Duk wanda ya iya ɗebewa ya samu amsarki, ba tare da an nuna ta ba. Mai tattarawa in ya san aikinsa zai rufe rukunin mazan ma. Ki tambaya ko an yi hakan, haƙƙinki ne, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta ba ki damar sanin abin da ake ɗauka a kanki da dalilin ɗaukarsa. Sai dai doka ba ta hana shugaban sashe zato, kuma zaton ma ya isa ya ɓata miki zama.

Inda aka fi kama mutane shi ne gurbin nan na ƙarshe, na "faɗi abin da ke ranki". Mutum ya rubuta cewa sau uku yana kai takarda a kan janareton ɗakin gwaji ba a kula shi ba. To mutum nawa ne suka kai takardar? Ko wanda duk taron sashe sai ya ce "a iya sanina dai", ya zo ya buɗe ƙorafinsa da ita. Shekara goma kuna zama ɗaki ɗaya, sun san bakinki ko a duhu.

Da ni ne ke, zan bar gurbin jinsi da na muƙami babu komai, tunda ba dole ba ne. Zan faɗi matsalar yadda ta shafi kowa: rabon kwasa-kwasai ba a yinsa a fili, labarin taro ba ya isowa kan lokaci. Ba kwanan wata, ba "ranar da ya ce mini". Ba zan cike a kwamfutar ofis da kowa ke amfani da ita ba, ba kuma ranar da muka yi sa-in-sa ba. In kuwa abin ya kai cin zarafi ko neman lalata, wannan fom ba wurinsa ba ne. Ba za a iya binciken ƙorafin da ba a san mai shi ba, kuma ba a hukunta mutum da takarda marar suna. Wannan sai ofishin magatakarda ko kwamitin da ke karɓar irin waɗannan koke-koke, ki tafi da wakilin ƙungiyarki in kina so. Tsoronki ba shirme ba ne, kar ki bari wani ya ce miki kin cika zargi. In duk kin auna kin ga hankalinki bai kwanta ba, ki danna matakan ki bar gurbin rubutun, amsarki ta shiga lissafi.

Za a ƙara albashi in mun cike?

Ba za a ƙara ba. Wannan tsakanin gwamnati ne da ƙungiyoyinku. Abin da ke hannun jami'a shi ne ofis, wuta, ruwa, jinkirin takardun ƙarin girma, da yadda shugabanni ke mu'amala da na ƙasa. A nan ku matsa. In an fitar da sakamako aka yi shiru, ku tayar da maganar a taron tsangaya, domin ni tattarawa aka sa ni, ba gyara famfo ba.

Sakatarena zai iya cike mini?

Haba Farfesa. Ka gama yi mini faɗa a kan sirri, sannan ka miƙa wa yaronka waya ka riƙa yi masa shifta? A'a.