Rarar mace-macen mata: yadda ake gano ta a lissafi

Me ake nufi da rarar mace-macen mata?

Rai da ajali na Allah ne, babu mai gardama. Tambayar masana ƙidaya daban ce: a cikin matan da suka rasu bana a wata ƙasa, nawa ne suka haura adadin da aka saba gani a inda mace ke samun abinci, magani da kulawa daidai da namiji? Wannan ƙarin shi ne rarar.

Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, shi ya ɗaga maganar a 1990, lokacin da ya rubuta cewa mata fiye da miliyan 100 sun yi ɓatan dabo a ƙidayar duniya, akasarinsu a Sin da Indiya. Shekara guda bayan haka Ansley Coale, masanin ƙidayar jama'a, ya sake lissafin da wani ma'auni, ya samu kimanin miliyan 60. Mutanen ba su canza ba, abin awon ne ya canza.

Ai a mafi yawan wurare maza sun fi mata mutuwa. Ina rarar take?

Daga nan ake farawa. Ana haifar maza kusan 105 a kan kowane mata 100, amma jarirai maza sun fi rauni, samari sun fi shiga haɗari da faɗa, tsofaffin mata kuma sun fi tsofaffin maza daɗewa. Saboda haka idan aka tarar mutuwar mata ta yi kunnen doki da ta maza, wannan ma kansa alamar matsala ce, domin kamata ya yi ta mata ta kasance ƙasa.

To yaya ake yin lissafin?

Sen ya ƙirga rayayyu ne, ya duba mata nawa ke akwai a kan maza. Masana tattalin arziki Siwan Anderson da Debraj Ray, a binciken da suka fitar a 2010, sun koma kan matattu, rukunin shekaru bayan rukuni. A ce a wata ƙasa maza 'yan shekara 15 zuwa 49 suna mutuwa 4 cikin dubu a shekara. A ce kuma a ƙasashe masu arziki, irin na Turai, da aka ɗauka ma'auni, mutuwar mata a wannan rukuni rabin ta maza ce. Ke nan 2 cikin dubu ake tsammani. Idan aka tarar 5 ne, rarar 3 ce cikin dubu. In matan miliyan 10 ne, rayuka dubu 30 ke nan a shekara ɗaya.

Me kwatanta shekaru ke ƙarawa a kai?

Yana hana mutum ruɗin kansa. Mu koma waccan ƙasa ta misali bayan shekara ashirin. Mutuwar mata ta sauko daga 5 zuwa 4, hukuma na ta shelar nasara. Amma ta maza ta sauko daga 4 zuwa 2, don haka abin da ake tsammani ga mata 1 ne yanzu. Rarar na nan a 3, ko gezau ba ta yi ba. Ci gaban ya zo, sai dai ya fi tsayawa a ƙofar maza.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi yaudara. Idan yaƙi ya ci samari, ko giya ta yi wa maza kisan mummuƙe kamar yadda aka gani a Rasha a shekarun 1990, rarar mata za ta ragu a takarda ba tare da an ceci mace ko ɗaya ba. Shi ya sa mai hankali ba ya karɓar lamba guda, sai ya ga layin maza da na mata kowanne da tafiyarsa.

Bankin Duniya ya yi irin wannan kwatanci tsakanin 1990 da 2008 a rahotonsa na 2012. Ya samu rarar kusan miliyan 3.9 a shekara ga mata 'yan ƙasa da shekara 60. Kusan kashi biyu cikin biyar ba a ma haife su ba, an zubar da cikin bayan na'ura ta nuna mace ce, galibi a Sin da Indiya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku kuwa a shekarun haihuwa suka tafi. A Afirka kudu da Sahara adadin hawa ya yi a tsakanin shekarun biyu, musamman a ƙasashen da cutar ƙanjamau ta fi yi wa ɓarna.

Mu da ba a san mu da zubar da cikin 'ya mace ba, ina ruwanmu?

Namu giɓin ba a ranar suna yake ba, yana can gaba, kan gwiwa: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Kuma tarihi ya nuna irin wannan mutuwa tana saurin sauka in an tashi tsaye. A Amurka, mata kusan 600 ke mutuwa a kowace haihuwa dubu ɗari a farkon shekarun 1930. Zuwa 1950 sun koma ƙasa da 100, bayan samuwar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ƙarin jini da ingantuwar aikin asibiti.

A inda ba a rajistar mutuwa, daga ina lambobin ke fitowa?

Mace ta rasu da asuba a ƙauye, kafin azahar an kai ta makwancinta, babu takardar da ta shaida. Sai masu bincike su bi ta kan 'yan'uwa: ana tambayar mace 'yan'uwanta mata nawa ne uwa ɗaya, nawa suka rasu, suna da shekara nawa, da ciki ko wajen haihuwa ko cikin jego. An fara gwada dabarar a Gambiya a ƙarshen shekarun 1980, kuma da irinta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a Najeriya ke aiki a bincikenta na lafiyar iyali. Binciken 2013 ya ba da mutuwar mata 576 a kowace haihuwa dubu ɗari a Najeriya, na 2018 ya ba da 512. Kada a yi saurin murna: ma'anar mutuwar haihuwa da aka yi amfani da ita a binciken biyu ta ɗan bambanta, kuma tazarar ba ta wuce kuskuren da irin wannan samfuri ke iya ɗauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta gyara don mace-macen da ake mantawa, ta ƙiyasta 1,047 a 2020, wato mata kimanin dubu 82.

Akwai masu sukar hanyar?

Akwai, kuma a ganina suna da hujja. Masanin tattalin arziki Stephan Klasen ya yi jayayya cewa auna Afirka da ma'aunin Turai na kumbura adadin, tunda cututtukan da ke kashe mutane a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne. Sannan lambar ba ta rarrabe matar da aka hana zuwa asibiti da wadda asibitin ne babu a garinsu. Wannan sai an koma an bi gida gida ana tambayar yadda kowace ta rasu.