Fotosintesis da Aikin da Ruwa Yake Yi a Cikin Ganye

Fotosintesis shi ne yadda koren tsiro yake haɗa abincinsa da ƙarfin hasken rana: yana shaƙar iskar kabon-dayoksaid ta ƙananan ƙofofin ganye, yana jawo ruwa ta saiwa, ya haɗa sukari, ya saki iskar oksijin. Ɗalibai da dama sun haddace wannan bayani, amma abin takaici, ba kasafai ake nuna musu cewa ruwan nan farfasa shi ake yi a cikin ganyen ba, kuma a kan wannan fashewar ne dukan aikin ya dogara.

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Idan haske ya faɗa kan kulorofil, sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai ya fizge masa ilektiron, wato ɗan ƙanƙanin ɓurɓushi mai ɗauke da cajin lantarki, kuma muddin ba a cike wannan gurbi ba, aikin ya tsaya ke nan. Ruwa ne yake biyan wannan bashi. Akwai wani ɗan gungu mai ƙwayoyin manganis huɗu da kalsiyam ɗaya da ke tsaga ƙwayoyin ruwa biyu, ya fitar da ilektiron huɗu, da furoton huɗu (wato haidirojin da aka cire wa ilektiron), da ƙwayar iskar oksijin guda mai oksijin biyu a haɗe. Da ilektiron ɗin da furoton ɗin ake tara makamashi a cikin sinadaran ATP da NADPH, waɗanda daga bisani ake amfani da su wajen mayar da kabon-dayoksaid sukari. Oksijin kuwa rara ce, tsiron yana fitar da ita waje.

An daɗe ana zaton daga kabon-dayoksaid oksijin take fitowa. Masanin kimiyya Cornelis van Niel ne ya lura cewa wasu bakteriya masu amfani da haidirojin-salfaid a madadin ruwa farar wuta suke saki, sai ya yi hasashen cewa oksijin ɗin tsirrai daga ruwa take. A 1937 Robert Hill ya nuna a Ingila cewa sassan ganye masu kulorofil suna sakin oksijin ko da babu kabon-dayoksaid. A 1941 kuma Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu suka yi gwaji a Amurka da ruwa mai nau'in oksijin-18, wanda ya fi oksijin na yau da kullum nauyi, aka ga nau'in ya bayyana a iskar da fotosintesis ya fitar, magana ta ƙare.

Duk da haka, kaso ƙalilan ne na ruwan da saiwa ta jawo yake shiga wannan haɗi, mafi yawansa yana fita ne a matsayin tururi ta ƙofofin ganye. Shi ya sa idan fari ya kama shuka, abin da ke fara rage mata abinci shi ne rufe ƙofofin da take yi don adana ruwa, wanda ke hana kabon-dayoksaid shiga. Gero da dawa suna da tsarin da ake kira C4, mai tara iskar kabon-dayoksaid a cikin ganye ko da ƙofofin sun ɗan tsuke, wannan kuwa yana cikin dalilan da suke fin shinkafa da alkama jure zafi da ƙarancin ruwan sama.